Yaushe ake yi wa ɓauren tin aski a Maraɗi, kuma yaya ake yi?

Hajiya, na karanta tambayarki a tsanake. Kin ce shekara 3 ke nan da kika dasa ɓauren tin a tsakar gidanki, daga reshen da wata maƙwabciya ta yanko miki a jikin nata. Yanzu ya wuce katanga tsawo, ya fitar da ƙafafu bakwai ko takwas daga gindi, amma duk lokacin marka sai ganyensa ya yi tsatsa ya zube, ƴaƴan da ke kansa kuma su tsage su yi tsami tun ba su nuna ba. Kin ƙara da cewa an gaya miki ba a rage masa rassa sai cikin tsananin sanyi lokacin da ya yi barci, ga shi naki bai taɓa yin wannan barcin ba. Na daɗe ina aikin itatuwan garka a kwarin Gulbin Maraɗi, kuma abin da kika bayyana shi ne na fi tararwa a gidajen da aka dasa wannan itace.

Bari mu fara tantance itacen, domin sunan ɓaure ya haɗa abubuwa da yawa. Ɓauren da muka tashi muka gani a bakin gulbi, da cediya, da durumi, da gamji, duk dangi ɗaya ne da tin, amma tin ɗin da aka ambata a sura ta 95 ta Alƙur'ani mai girma baƙo ne a ƙasarmu. Gidansa na asali shi ne Gabas ta Tsakiya da ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, kuma har yau Turkiyya ce ta fi kowa nomansa, sai irin su Masar da Maroko da Aljeriya. Hausawa kan ce mai son cin ɓaure ba ya tona cikinsa, saboda ƙananan ƙwarin da ake samu a ciki. Waɗannan ƙwari su ne ke kai wa furen ɓaure garin barbara, domin furensa a cikin ɗan yake a ɓoye, kuma kowane irin ɓaure da nasa ƙwaron, na ɓaurenmu ba ya yi wa tin aiki. Akwai irin tin da ba ya riƙe ƴaƴa sai ƙwaronsa ya shiga, shi ya sa wanda ya shuka iri daga busasshen tin na kanti yakan yi shekaru yana ban ruwa, ƴaƴan suna zubewa tun suna kamar gujiya. Naki ba ya cikin wannan sahu, tunda daga reshen itace mai haihuwa aka samo shi, kuma ƴaƴansa suna kai wa ga kumbura. Irinsa yana haihuwa ba tare da ƙwaro ba, abin da ya rage kawai shi ne a daidaita masa lokaci.

Shawarar da aka ba ki ta jiran sanyi gaskiya ce a ƙasar da aka rubuta ta. A can sanyi kan tsananta har itacen ya kaɗe ganyensa ƙaf ya tsaya cik na watanni, sai manomi ya shiga da almakashi. Namu hunturun, ko a Disamba da Janairu, sanyin dare yakan tsaya wajen digiri 13 zuwa 15, da rana kuwa akwai ɗumi, saboda haka tin ɗin da ake ba ruwa ba shi da dalilin tsayawa. Idan kika bi waccan shawara kika datse shi a Janairu ko Fabrairu, sabon toho mai laushi zai faɗa tsakiyar bazara, a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, rassan da kika tuɓe wa inuwa su ƙone, ƴaƴan da suka tsira kuma su zo nuna daidai faɗuwar damina. Nan ne ainihin ciwon da kike kuka da shi. Ɗan tin yana da ɗan ido a ƙasansa, idan yana gab da nuna aka yi ruwa mai yawa, itacen kan zuƙi ruwa fiye da abin da fatar ɗan za ta iya ɗauka, sai ya tsage, laima da ƙwari su bi ta idon su shiga, zaƙin ya juye tsami. Kusan duk ruwan shekararmu, milimita 500 ko abin da ya ɗan ɗara haka, tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, kuma mafi yawansa a Yuli da Agusta. Ba wani magani da za ki fesa ya hana wannan tsagewa, sai dai ki kauce wa lokacin.

A ganina, kuma a kan haka nake aiki, lokacin askin tin a Maraɗi shi ne bayan ɗaukewar ruwa, cikin watan Oktoba, sa'ad da ake ta haramar girbin gero da wake. A wannan lokaci tsatsa ta riga ta kaɗe masa yawancin ganye, ya gaji, ya yi ɗan tsayawar da ta fi kama da barcin da ake faɗa. Ɗumin agazari zai taimaka wa sabon toho ya fito da ƙarfi, ƴaƴa su ɗaura a Nuwamba da Disamba, su girma a hankali cikin sanyi, su fara nuna daga Fabrairu har cikin Afrilu, lokacin da babu ɗigon ruwa a sama kuma iska a bushe take. Tin ɗin da ya nuna a irin wannan iska yana da zaƙin da ba za ki haɗa shi da na damina ba. Manoman tin na yankin Pune a ƙasar Indiya, waɗanda su ma damina ɗaya gare su da dogon rani kamar mu, sun raba amfanin shekara gida biyu, wanda ya tashi da damina suna kiransa mai tsami, wanda ya nuna da rani suna kiransa mai zaƙi. Mu ma mai zaƙin muke nema.

Kafin ranar aski, ki ɗauke masa ruwa na mako biyu zuwa uku bayan ruwan ƙarshe, har ƙasar gindinsa ta bushe sosai. Ƙishirwar nan ce ke maye gurbin sanyin da ba mu da shi. Sauran ganyen da ya rage, da ƴaƴan damina da suka maƙale, ki tsinke su duka, ki share wanda ya zube a ƙasa ki ƙone, domin tsatsar a jikin matattun ganye take kwana ta jira damina ta gaba.

Yadda za a yanka kuwa, ba baƙon ilimi ba ne ga mutumin Maraɗi. Sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ɗan ƙasar Ostareliya ya fara yaɗawa tare da manoman wannan yanki a 1983, ginshiƙinsa shi ne a dubi kututture mai toho da yawa, a zaɓi ƴan ƙafafu masu ƙarfi a bari, a cire sauran don kada su raba abinci. Haka za ki yi wa tin ɗinki. Cikin ƙafafu bakwai ko takwas ɗin nan ki zaɓi uku ko huɗu masu kauri da lafiyayyen ɓawo, waɗanda suka kalli kusurwa daban-daban ba su goga juna ba, sauran ki sa a yanke su daidai da ƙasa, kada a bar guntu, domin guntun da ya bushe ƙofar gara ce. Waɗanda kika bari kuma a rage musu tsawo su dawo kamar mita 1 ko ɗan fiye, wato tsakanin ƙugu da ƙirjin babban mutum. Na san za ki ji zafin ganin itacen da ya wuce katanga ya koma sanduna huɗu, kusan duk wanda na yi wa wannan aiki sai da ya ɓata rai a ranar. Amma ki lura da inda tin ke ɗaura ɗa: a hammatar ganye, a jikin sabon reshe. Tsohon reshe mai tsawo ba ya ba ki komai sai a can ƙarshensa inda hannu ba ya kai, tsuntsaye su riga ki. Da zarar an datse shi, kowace ƙafa za ta fitar da sababbin rassa, kowane ganye a jikinsu kuma yana iya zuwa da ɗansa.

Wannan babban aski sau ɗaya ne. Daga shekara mai zuwa, duk Oktoba, abin da za ki yi shi ne ki bi rassan da suka haihu a shekarar ki mayar da kowanne zuwa gaɓa biyu ko uku daga inda ya tsiro, ki cire wanda ya bushe, da wanda ya kutsa tsakiya yana goga ɗan'uwansa, da tohon gindi, wanda shi kam duk lokacin da kika gan shi ki ɓalle shi tun yana ɗanye. A yanka a karkace don kada ruwa ya kwanta a kan ciwon, a saman idon reshe, wato inda toho ke fitowa, wanda ya kalli waje, a bar tazarar faɗin yatsa tsakanin yankan da idon. Dalilin tazarar shi ne cikin reshen tin ɓargo ne mai laushi, bakin yankan yakan bushe ya ja baya kaɗan, idan an matse kusa da idon sai bushewar ta cinye shi. A yi aiki da almakashin datse rassa mai kaifi, mai kauri kuma da ƙaramin zarto. Adda da gatari suna farfasa itacen. Idan aron kayan aikin aka yi, a goge su da ruwan jabel, wato bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, kafin a fara.

Akwai wuri guda da nake saɓa wa abin da ake koyarwa a ƙasashen sanyi. Su suna buɗe tsakiyar itacen wayam kamar ƙwarya don rana ta shiga, domin rana suke nema. Mu rana ta yi mana yawa. Ɓawon tin siriri ne, ranar la'asar ta watan Afrilu tana dafa shi ta ɓangaren yamma, ya tsage ya ɓare, daga nan gara da tsutsa mai huda itace su sami hanya. Saboda haka ki bar tsakiyar da ɗan rufi, iska ta ratsa amma ganye ya yi wa manyan rassa laima, musamman ta yamma. Bayan babban askin nan na farko, ki dama farar ƙasa da ruwa-ruwa a shafe ƙafafun da ita tun daga gindi, tana mayar da zafin rana kafin ganye ya rufe su.

Ina roƙonki ki ɗauki maganar nonon itacen da muhimmanci, musamman a gida mai yara. Farin ruwan da ke fita idan an yanki tin yana da sinadarin da, in ya taɓa fata sannan rana ta buge ta, yake ƙona ta kamar wuta. Ni kaina a farkon aikina na taɓa datse wani tin da tsakar rana da riga mai gajeren hannu, ban ji komai ba a lokacin, washegari hannuwana suka tashi da bororo, baƙin tabon kuwa ya yi watanni bai gushe ba. Wanda zai yi miki aikin ya yi shi da yamma liƙis bayan rana ta yi sanyi, da riga mai dogon hannu da safar hannu, ya kiyaye idonsa, in ya gama ya wanke da sabulu nan take. Rassan da aka yanke a kawar da su daga inda yara ke wasa.

Bayan aski da kwana biyu ko uku sai ciyarwa. A yi ɗan rami mai zagaye daidai inda inuwar itacen take ƙarewa a da, ba a jikin gindi ba, kuma kada a zurfafa, domin saiwar tin a sama-sama take yaɗuwa, fartanya na iya tsinke ta. A zuba ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu kamar bokiti biyu, a haɗa da tokar murhu tafi biyu ko uku, a rufe, sannan a cika kwarin gindin da ruwa har ya ƙoshi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa kuma yana kiran gara. Takin zamani ba dole ba ne ga itace ɗaya a tsakar gida, in kuwa za ki sa, ɗan tafi ɗaya na 15-15-15 ya isa. Ki guji yuriya, domin za ta ba ki ganye faffaɗa kore shar da dogayen rassa marasa ƴaƴa, kuma ƴan da suka fito sun fi saurin tsagewa.

Ruwa shi ne abin da ya fi wahalar daidaitawa a ƙasar jigawa irin ta yawancin unguwanninmu, wadda ba ta riƙe laima. An san tin da jure fari, amma jurewar tasa ita ce ya zubar da ƴaƴa ya tsira da ransa, ke kuwa ƴaƴan kike so. Cikin sanyi bokiti biyu ko uku sau biyu a mako ya wadatar, daga Maris kuma sai ki koma kwana ɗaya bayan ɗaya, da sassafe ko bayan la'asar. Abin da ya fi yawan ruwan muhimmanci shi ne kada a yi ta tsalle, a bar shi mako guda a bushe sannan a kwarara masa, domin wannan yana tsaga ɗa ko da rani. Ruwan alwala yana da kyau a gare shi, amma ruwan wanki mai omo da na wanke-wanke suna tara gishiri a ƙasa, bakin ganye ya ƙone. Ki shimfiɗa ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye a kwarin gindin don laima ta daɗe, ki bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da jikin itacen, kuma ki riƙa ɗagawa kina duba gara.

Idan sabon reshe ya kai ganye shida zuwa takwas, ki tsinke kansa da farce, da safar hannu. Hakan yana sa ya daina tsere ya mayar da ƙarfinsa ga ƴaƴan da ke hammatar ganyen. Za ki ga ɗan tin ya girma da sauri, sannan ya tsaya kore da tauri na makonni kamar ya fasa. Kada ki ƙara taki ko ruwa don wannan, ɗabi'arsa ce, a ƴan kwanakin ƙarshe ne yake kumbura ya canza launi. Kuma ba kamar mangwaro ko ayaba yake ba da za a tsinke a ajiye su nuna a ɗaki, in an cire shi ɗanye zaƙinsa ba ya ƙaruwa. Nunanne shi ne wanda wuyansa ya lanƙwashe ya rataya, jikinsa ya yi laushi, in kin tsinke kuma farin nono bai fito a hancinsa ba. Tsuntsaye da jemagu sun san wannan lokaci kamar yadda kika sani. Tunda itacen ya dawo gajere, tsohon gidan sauro ya isa ya rufe shi baki ɗaya, a ɗaure bakinsa a gindi. In akwai awaki a gidan, a kewaye shi, domin suna cin ganyen kuma suna ɓare ɓawon.

Saura abu ɗaya da ba ki tambaya ba, amma shi ne ya fi kashe tin a ƙasa mai rairayi. Akwai wata tsutsa ƙarama wadda ido ba ya gani, tana shiga saiwa ta sa ta yi ƙullutu-ƙullutu kamar an zura ƴaƴan carbi, sai saiwar ta kasa jan ruwa da abinci. Alamarta ita ce itacen ya riƙa yin yaushi da rana alhali ƙasarsa a jiƙe take, ganye ya ƙanƙance ya yi ɗorawa, sabon toho ya ƙi tsawo duk da taki. Ranar da za a yi ramin takin nan, ki sa a ciro ƴan siraran saiwoyi a wanke a duba. Lafiyayyar saiwa sumul take. In kin ga ƙullutu, kina iya kai samfurin cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, ko wurin malamin gona na kusa da ke, a tabbatar miki. Ba a raba itacen da ya kamu da ita gaba ɗaya, amma ana iya sa ya rayu ya haihu: a yawaita ruɓaɓɓen taki kowace shekara, a daka ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, a cuɗa da ƙasar gindin, a kuma tsare shimfiɗar nan da ban ruwa a kan kari. Mafi muhimmanci, kada ki shuka tumatir ko kuɓewa ko yalo ko tattasai a ƙarƙashinsa. Na san da wuya mace ta ga wuri mai laima a tsakar gida ta bar shi haka nan, amma waɗannan su ne abincin da tsutsar ta fi so, a jikinsu take yaɗuwa ta koma wa tin. Wanda zai dasa sabo a wurin da aka taɓa yin irin waɗannan shuke-shuke, ya jiƙa ƙasar a watan Afrilu ya rufe ta da farar leda mai haske na mako huɗu zuwa shida, zafin rana zai rage tsutsar sosai kafin dashe.

Ki duba kuma tazarar da ke tsakanin itacen da gini. Saiwar tin ba ta kai ta cediya ko durumi ɓarna ba, amma tana bin laima, kuma tana iya kutsawa ƙarƙashin katangar ƙasa ko ramin masai. Mita 3 ita ce mafi ƙarancin tazarar da nake ba da shawara. In naki ya matsu da bango fiye da haka, riƙe shi gajere da askin shekara-shekara zai rage masa yaɗuwa.

Rassan da za a yanke a Oktoba kada a zubar da su duka. Ki zaɓi waɗanda suka yi kaurin yatsa, ɓawonsu ya fara yin toka-toka, daga ƙafar da ganyenta bai taɓa yin dabbare-dabbare ko murɗewa ba, domin akwai cutar ganye da ke bin reshe zuwa sabon itace. A yanka su tsawon santimita 20 zuwa 25, kowanne da gaɓa uku ko huɗu, a kafa su cikin leda ko tsohon gwangwani mai huji, a cikin rairayi mai tsabta da aka gauraya da ɗan ruɓaɓɓen taki, ba ƙasar gindin uwar ba in ana zargin tsutsa. A binne kashi biyu cikin uku, a kula kada a juya kan reshen ƙasa, ido ɗaya ko biyu kawai su leƙo. A ajiye su a inuwa inda iskar hunturu ba ta bugu, ƙasar ta zauna da laima ba tare da ta jiƙe sharkaf ba. Ganye yakan riga saiwa fitowa, saboda haka kada ganin kore ya sa a yi gaggawar taɓa su. Su zauna a ledarsu har bazara ta wuce, sai a dasa su bayan ruwa ya zauna, a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli.